Kalmar da Baba Ya Ara a Wurina

A gidanmu na Ƙarfi ba a gajiya, haka na taso na tarar. Ko'ina aka ce wa mutum ina gajiya, ya ce babu gajiya, kowa ya san gaisuwa ce, an wuce wurin. Mahaifina shi kaɗai na sani da yake ba da amsar nan da gaske. A ganinsa gajiya abu ce da ke samun wasu mutane a wasu gidaje, yana tausaya musu, amma ba ruwansa da ita.

Manomi ne, yana da shanun huɗa biyu da garma. In damina ta sauka shi ke huɗar gonakinsa, ya kuma yi ta maƙwabta. Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya ja igiyar shanu a gaba, ɗaya ya riƙe garma a baya. Yayana, wanda shi ne ɗan farin gidan, shi ke gaba tun kansa bai kai ƙahon sa ba. Ya girma, ya yi aure, ya tara iyali, har furfura ta fara leƙo masa a gemu, yana nan dai a gaba da igiya. Bai taɓa riƙe garmar nan ba matuƙar Baba na cikin gonar. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda Baba ya riƙe yadda iyayensa suka riƙe ta. Ba ya kiran sunan Yaya, wancan yake ce masa, kuma ba ya yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole. In yana son a juya a ƙarshen layi, da shanun yake magana, Yaya ya ji ya juya da su.

Ni kuwa sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. Wannan suna ya ba ni damar da ba wanda ya samu a gidan. Ni ke yi masa tsiya, ni ke yi masa faɗa, ya sunkuyar da kai yana dariya ya ce ya tuba. Halinmu ma ɗaya ne, taurin kai da saurin hawa. Inna takan ce da a ce an haɗa mu a karkiya ɗaya, da ba a taɓa huɗa ko layi guda ba.

A shekarar da nake magana, ina koyarwa a wata firamare a Funtua. Ina son in ƙaro karatu, amma takardar Turanci ta tsaya mini a wuya, na zauna mata ba sau ɗaya ba tana kayar da ni. Da aka yi dogon hutu, maigidana ya ce in kwashi yara in tafi gida, Inna ta riƙe mini su, ni kuma in yi karatu a natse. Na zo da wani littafi mai kauri na manyan kalmomi, da ƙamus a waya, irin wanda in ka danna kalma wata Baturiya ta faɗa maka yadda ake furta ta.

Tun ranar da na sauka na ga Baba ba daidai yake ba. Wuyansa ya zurma, riga ta yi masa yawa a kafaɗa. Kwanon tuwonsa yana dawowa da fiye da rabi. In zai tashi daga tabarma sai ya dafa bango, in ya ga ina kallonsa sai ya tsaya yana shafa bangon, wai yana duba inda ruwa ya ci. Bangon nan ya sha dubawa a daminar nan.

Na sami Inna a madafa na tambaye ta. Ta ce tun bazara yake haka. Ta yi magana, ya ce ta ji da tukunyarta. Yaya kuwa ba shi da bakin da zai yi wannan magana da shi. Na ce to ni zan yi, ai ni na haife shi. Na tafi da ƙarfina na same shi a zaure yana gyara takunkumin shanu, abin da ake ɗaura musu a baki don kada su ci masara.

"Baba, kasala kake ji ne?" na ce.

Ya ɗago ya dube ni. Ban taɓa ganin fuskarsa ta rufe da sauri haka ba.

"Kasala," ya ce. "Ashe raggo kika haifa, Uwata, ban sani ba."

"Ni ban ce kai raggo ne ba. Na ce ka je asibiti a duba ka."

"A duba mi? Mai lafiya ya je ya tare wa marasa lafiya layi?"

Na ɗaga murya, shi ma ya ɗaga. Na ce taurin kai ba lafiya ba ne, ya ce ai a wurina ya gada. Da ya tashi, ko bangon bai dafa ba, don in gani. A ranar nan, bayan ya gama gonarsa, sai da ya ƙara da ta wani maƙwabci wadda ba a ma matsa masa a kanta ba. Ya dawo da la'asar leɓɓansa sun yi fari, ya zauna a ƙofar zaure ya kasa cire takalmi. Na tsaya daga ciki ina kallonsa, tsoro ya kama ni sosai. Abin da nake gani a raina shi ne wata rana zai faɗi a bayan garma, hannunsa na riƙe da ita don ba zai saki ba, shanu su yi ta jan sa a cikin masara.

Daga nan na ce ni zan riƙa kai fura gona. Na ce yara sun hana ni karatu a gida, gindin ɗorawar bakin gona ya fi mini shiru. Kowa ya san gadi na je yi, ba wanda ya ce komai. Sai in shimfiɗa ɗankwali in zauna da littafina, ido ɗaya a kan Turanci, ɗaya a kan bayan Baba yana tafiya yana dawowa. In rana ta take su kwance shanu, Yaya ya ɗauki tasa furar ya koma can nesa, Baba ya zo ya tsuguna kusa da ni. Ba ya zama sosai, tsugunawa yake, wai zama a gona na mai gona ne da ya ɗauki 'yan ƙwadago.

Baturiyar cikin wayar ta ba shi dariya tun farko. Ƙawarki yake ce mata. In na danna ta yi magana, sai ya ce a gaishe ta, a tambaye ta ko an yi ruwa a garinsu. Wata rana ina kan wani shafi na kalmomin da suka shafi rauni da rashin ƙarfi, na zo kan wata da ban taɓa gani ba, na danna. Baturiya ta ce lassitude, a hankali, kamar ita ma abin ya taɓa ta.

"Mi ƙawarki take cewa?" in ji Baba.

"Lassitude."

"To, mi ke nan?"

"Gajiya ce."

"Duk wannan jan baki don a ce gajiya? Lallai Turawa ba su da aikin yi."

Na duba bayanin da kyau, don ni ma ina son in riƙe ta. Na ce masa ba irin gajiyar aiki ba ce, wadda mutum zai yi wanka ya kwanta ya tashi garau. Wannan da ita ake kwana, da ita ake tashi. Zuciya tana son aikin, ido yana ganin aikin, amma jiki ya ƙi amsawa.

"Kasala ke nan," ya ce, ya kau da kai.

Gaskiya da a ɗakin jarrabawa aka tambaye ni, kasala zan rubuta, kuma ina jin da na ci. Amma na tuna fuskarsa a zaure. Sai na ce a'a, akwai bambanci. Kasala ana zagin mutum da ita, wannan kuwa ba a zagi, don ba halin mutum ba ce, sauka take yi masa. Na ce misalin da littafin ya kawo ma na wani maƙeri ne, ƙaƙƙarfa, wanda duk garinsu ba mai dukan ƙarfe kamarsa, ciwo ya shige shi bai sani ba, ya wayi gari guduma ta yi masa nauyi. Littafin bai ce maƙeri ba. Wata mata ya ambata da ta kasa tashi daga kujera saboda zafin rana. Na dai ga matar nan ba za ta yi mini amfani a gonar masara ba.

Baba ya riƙa juya ludayi a cikin kwano.

"Shi maƙerin, ba su ce mashi raggo ba?"

"Wa zai ce? Kowa ya san aikinsa."

"Sake danna ta in ji."

Na danna. Ya sa na sake. Na ga leɓɓansa suna motsi yana bin ta. Sannan ya miƙa mini kwanon, ya dafa gindin ɗorawa ya tashi, ya ce wa shanu hutu ya isa haka.

Na ɗauka maganar ta wuce. Bayan 'yan kwanaki, da safe, na durƙusa na gaishe shi a tsakar gida yana ba shanu dusa. Na ce ina kwana, ina gajiya. Ya ce babu gajiya, kamar kullum. Har na yunƙura zan tashi, sai ya ce, yana kallon shanun ba ni ba, da murya ƙasa-ƙasa:

"Sai dai abin nan na ƙawarki. Lasitu. Yau akwai ta kaɗan."

Gabana ya faɗi, kuma a lokaci guda na ji daɗi har na rasa wanne zan fara ji. Da halina na bi, da na daka tsalle na ce ai na faɗa, a tafi asibiti yanzu. Allah ya taimake ni na kama bakina. Na ce, kamar muna zancen farashin taki, "Ina ta kai?" Ya sunkuya ya taɓa gwiwarsa.

Haka muka shiga yi kowace safiya. In gaishe shi ya ce babu gajiya, don wannan ba ta canzawa, sannan ya ba ni labarin lasitu. Yau ta tsaya a gwiwa. Yau ta hau cinya. Jiya da rana ta sake shi, da yamma ta dawo. Yana maganarta kamar wata baƙuwa da ta sauka a gidan ba a gayyace ta ba, wadda ba a san danginta ba. Daga baya na gane abin da ya sa ya iya faɗinta. Duk kalmomin da muke da su na wannan abu, ya taɓa jin an jefi wani da su a bakin kasuwa ko a wurin gayya, wataƙila shi ma ya jefi wani. Wannan kuwa ba a taɓa zagin kowa da ita a Ƙarfi ba. Sabuwa ce fil, ba wanda ya taɓa sa ta.

Sai dai in na ce asibiti, ƙofa ta rufe. Ya ce a bari a gama ba masara ƙasa. Wannan ita ce huɗar ƙarshe, da ake tura ƙasa a gindin masara don kada iska ta kwantar da ita, kuma dole a yi ta kafin masarar ta yi tsawon da shanu ba za su shiga ba. Saura babbar gonarsa ta bakin hanya. Ni kuma ina ganin lasitu tana hawa, ta wuce cinya ta kai ƙugu, gonar kuwa tana da faɗi. Na rasa yadda zan yi. Amana ya ba ni, in na fasa ta zai daina faɗa mini, in na riƙe ta kuma ina kallonsa yana ƙarewa. Karatun ma ya tsaya. Sai in buɗe littafi in tarar shafin nan ɗaya nake kai tun safe.

Inna ce ta raba ni da wannan. Wata rana da yamma ina taya ta aiki a madafa, tana tuƙa tuwo, ta ce ba tare da ta waiwayo ba:

"Mi kuke ƙus-ƙus da shi kullum da safe wurin shanu?"

Na yi 'yan kame-kame, ta ce kar in raina mata hankali. Sai na faɗa mata duka, tun daga gindin ɗorawa. Ta ci gaba da tuƙi, muciya tana bugun tukunya da ƙarfin da tuwon bai buƙata ba.

"Ni na san ranar da ya fara rage loma," ta ce. "Ni ke wanke rigunanshi, na ga ba su jiƙewa da zufa kamar da. Ni ke jin numfashinshi in ya shigo. Tun ba a haife ki ba nake zaune da mutumin nan. Amma ni ba za a faɗa mani ba, sai wata Baturiya ta cikin waya."

Ban taɓa jin Inna ta yi ƙorafi a kan Baba ba sai ranar. Na ji kunya, kamar na shiga ɗakinta na ɗauki abin da ba nawa ba. Na ce ta yi haƙuri, ba ita ya ƙi ba, bakinsa ne ba ya iya faɗa da Hausa. Ta kwashe tuwon ta rufe. Ta wanke hannu, ta jawo kujera ta zauna kusa da ni.

"Koya mani," ta ce.

Na ɗauko waya. Inna ta ce ita ba ta son ta bakin matar can, ni in faɗa mata. Na faɗa, ta maimaita, abin ya fito wani iri har muka fashe da dariya mu biyu, tana share ido da bakin zane tana cewa hayaƙi ne. Ta ce harshenta ya tsufa da wannan wahala. Muka yi ta yi, tana yanka kuɓewa tana maimaitawa, har ta tsaya a kan lasitudu. Na ce ya yi, ko malaman da suka kayar da ni ba za su fi haka ba. Sannan ta sa na sake yi mata bayanin ma'anar tun daga farko, tana saurare kamar ana karanta mata sharaɗin ciniki.

"Babu raggo a cikinta?" ta ce.

"Babu."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan, Inna."

"To," ta ce, ta tashi ta ɗora miya.

Da magariba aka yi ruwa mai kyau. Kowa a gidan ya san ma'anarsa, gobe ƙasa za ta yi laushi, gobe ne ranar babbar gona. Da gari ya waye Baba ya dawo daga masallaci ya zauna a tabarma a ƙofar ɗakinsa, bai je wurin shanu ba. Na zo zan ɗauki kokonsa in kai masa kamar yadda na saba, Inna ta riƙe kwanon ta ce in bari. Ta kai da kanta, ni kuma na tsaya a bakin madafa inda nake ganinsu.

Ta durƙusa ta ajiye, ta ce, "Malam, ina kwana."

"Lafiya lau."

Ta ɗan gyara murya. Na ga tana motsa baki tana shirya ta, kamar ɗaliba za ta ba da hadda.

"Ya lasitudun?"

Baba ya ɗago, bai dube ta ba, ni ya nemo da ido har ya same ni.

"Uwata, kin tona ni."

"Ba ta tona ka ba," in ji Inna. "Ni na matsa mata. Kuma ni ke tambaya yanzu, ba ita ba. Ina ta kai yau?"

Ya sunkuyar da kai yana kallon kokon. Kaji suna ta tonon ƙasa a gabansu, wani sa ya yi kuka a turke. Can sai ya ɗaga hannu ya ɗora a ƙirjinsa.

"Nan," ya ce.

Inna ta zauna a gefen tabarmarsa. Tun da nake ban taɓa ganin ta zauna a tabarma ɗaya da shi da rana a tsakar gida ba.

"Malam, tsoro nake ji," ta ce.

"Ni ma," ya ce, a hankali har da ƙyar na ji. Ya ɗan jima, sannan ya ce, "To masarar fa? In ba a ba ta ƙasa yau ba, iska ɗaya ta isa ta kwantar da ita."

"Kana da ɗa," in ji Inna.

Bai amsa wannan ba. Ya sha kokon kaɗan, ya ce gobe a kai shi asibitin Malumfashi a duba shi, tunda mun haɗa mashi kai. Aka kuwa kai shi washegari a bayan babur. Aka tarar jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, aka kwantar da shi aka ƙara masa, aka bi abin da ke janye jinin aka yi magani. Ya tashi, ya ƙara damina masu yawa tare da mu. Ita kuwa kalmar, ko ƙeyarta ban gani ba a jarrabawar da na zauna a shekarar. Amma a safiyar nan ba mu san duk wannan ba. Abin da muka sani shi ne ya tashi ya ɗauki hularsa ya ce a kwance shanu, kuma ba wanda ya san ko ya ji maganar Inna ta ƙarshe.

Na bi su gona, ba fura ba littafi. Baba yana tafiya a hankali a bayan shanu, ni ina bayansa. A bakin gona Yaya ya ɗaura musu karkiya da takunkumi, ya saita garma a farkon layi, ya zagaya gaba ya kama igiya ya tsaya, kamar yadda ya yi duk rayuwarsa. Baba ya zo ya kama hannun garma da hannu biyu. Itacen ya yi santsi a daidai inda tafinsa ke zama. Ya tsaya haka yana kallon layin har ƙarshensa, ni kuma na san in ya ce wa shanun su tafi ba mai iya tsayar da shi.

Sai ya ce wa shanun, "Yau wancan ne zai bi ku. Ku yi mashi a hankali."

Ya saki garmar, ya juya ya nufi gindin ɗorawa.

Yaya ya tsaya da igiya a hannu yana kallona, bai gane ba, ko kuma ya gane ya kasa yarda. Na je na karɓi igiyar daga hannunsa.

"Je ka, Yaya," na ce. "Kai ake nufi."

"Ke za ki ja su?"

"Akwai wani a nan ban da ni?"

Haka malamar firamare ta shiga gaban shanu da hijabi da takalmin zuwa makaranta. Shanun sun fi ni sanin aikin, ni dai ina gaba ne don kada a ce ba kowa. Taɓo ya cire mini takalmi ɗaya tun a layin farko, na cire ɗayan na jefar a bakin gona. Masu wucewa a babur suna rage gudu suna kallo, wata tsohuwa mai itace ta tsaya ta ce Allah ya ba da lada, tana dariya. Ina jin Yaya a bayana yana numfashi, garma tana tsaga ƙasa tana kifa ta a gindin masara. Duk sanda muka juyo sai in saci kallon ɗorawa. Baba yana zaune, zama sosai, ya miƙe ƙafafu ya jingina da itacen, bai ɗauke ido daga kanmu ba.

Da rana ta ɗaga muka tsaya don shanu su huta. Yaya ya tsaya can wurinsu yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta. Na zo na zube kusa da Baba, ƙafafuna duk taɓo.

"Kin taka mani masara ta fi a ƙirga," ya ce.

"Ka rage a kuɗin aikina."

Ya yi 'yar dariya. Ya ɗaga haɓa ya nuna gonar.

"Dubi layin nan. Ya fi nawa miƙewa. Tun yaushe ya iya haka?"

"Tun yana yaro yake jin garmar nan a bayansa, Baba."

"Kar ki faɗa mashi na ce."

"Ni ba zan faɗa ba," na ce. "Na gaji da kai saƙo a gidan nan. Mai magana ya yi da bakinsa."

Ya harare ni, na harare shi. Ya mai da ido kan gonar, har na ɗauka shi ke nan. Yaya ya gama abin da yake yi, ya juya shanun, ya sunkuya zai ɗaga garma. Sai Baba ya gyara zama, ya ɗaga murya daidai yadda za ta kai, kuma wannan karon ba da shanun yake ba.

"Sannu da aiki," ya ce. "Allah ya yi maka albarka."

Yaya ya tsaya a sunkuye, hannunsa a kan garma. Ya cire hularsa ya goge fuska da ita, ya daɗe yana gogewa, sannan ya durƙusa a nan cikin taɓo ya ce amin. Na tashi na je na kama igiya, don akwai sauran rabin gona.